Hanyar Kongo-Nilu: Burjin da ya ratsa tuddai da ƙauyukan yammacin Ruwanda

A yammacin Ruwanda, a gaɓar Tafkin Kivu, akwai wata hanya mai tsawon kilomita 227 da ta taso daga garin Rubavu a arewa ta dire a Rusizi a kudu. Hukumar Raya Ƙasa ta Ruwanda ce ta ƙaddamar da ita a matsayin hanyar yawon buɗe ido a shekarar 2011, ta kuma raɗa mata suna Hanyar Kongo-Nilu. Mai tafiya a ƙasa yakan kwashe kwana goma kafin ya ƙure ta, mai keke kuwa kwana biyar. A yau tana cikin hanyoyin da masu hawan keke a kan burji suka fi sani a nahiyar Afirka.

Sai dai kowane ƙarshe na wannan hanya yana jingine da wani birni na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Rubavu na manne da Goma, Rusizi kuma na kallon Bukavu, kogi ne kawai a tsakaninsu. Biranen biyu sun faɗa hannun 'yan tawayen M23 a farkon 2025. Saboda haka bayanin hanyar ba ya kammala sai an haɗa da batun ƙasar noma, da kuɗin baƙi, da tarihin kisan ƙare dangi, da kuma yadda gwamnatin Shugaba Paul Kagame ke amfani da wasanni wajen gina sunan ƙasar a idon duniya.

Asalin sunan

Sunan ya samo asali ne daga jerin tsaunukan da suka miƙe daga arewa zuwa kudu a yammacin ƙasar, waɗanda ke raba ruwan sama gida biyu. Ruwan da ya sauka ta yammacin doron yakan gangara Tafkin Kivu, ya bi Kogin Ruzizi zuwa Tafkin Tanganyika, daga nan ya shiga Kogin Kongo har Tekun Atlantika. Wanda ya sauka ta gabas kuwa yakan bi Nyabarongo da Akagera zuwa Tafkin Victoria, ya shiga Kogin Nilu, ya ratsa Sudan da Masar. Kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Ruwanda na zuba ruwansa ne a Nilu.

Wannan ne ya jawo wani Bajamushe mai suna Richard Kandt zuwa yankin a 1898, yana neman mafarin Nilu a cikin dajin Nyungwe. Ya zauna a Shangi da ke bakin tafkin, garin da hanyar ke bi ta cikinsa a yau, kafin ya kafa Kigali a 1907 a matsayin mazaunin Turawan mulkin mallaka na Jamus.

Hanyar ba a kan doron tsaunukan take ba. Tana bin gangarensu na yamma ne, tsakanin tsauni da tafki, ta ratsa gundumomi biyar: Rubavu, Rutsiro, Karongi, Nyamasheke da Rusizi. Tafkin kansa yana kan tudu, kimanin mita 1,460 sama da teku, kuma daga bakinsa ƙasa ke fara miƙewa sama. Babu fili shimfiɗaɗɗe a wannan yanki sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mai keke ko dai yana hawa, ko yana gangara.

Mene ne keken burji

Hawan keke a kan hanyar da ba kwalta ba abu ne da ya girmi kowace gasa, domin haka mutanen karkara ke yi tun da keke ya shigo. Abin da yake sabo shi ne mayar da shi wasa mai suna da kasuwa. A 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka suka yi tseren mil 200 a kan hanyoyin tsakuwa na gonaki. Wannan tsere, wanda yanzu ake kira Unbound Gravel, ya bunƙasa har ya zama mafi shahara a irinsa. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a wannan fanni a yankin Veneto na Italiya a 2022. A gabashin Afirka, Kenya ta fara tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara a 2021, Ruwanda kuma tana da tseren kimanin kilomita 1,000 da ke zagaya ƙasar, wanda aka fara a 2020, inda kowane ɗan tsere ke ɗaukar kayansa ya nemi abincinsa da makwancinsa da kansa.

Keken da aka ƙera don wannan aiki yana kama da keken tsere, da kansa mai lanƙwasa zuwa ƙasa, amma tayoyinsa sun fi faɗi, yawanci milimita 38 zuwa 50, kuma suna da haƙora don su kama ƙasa. Birkinsa na faifai ne, wanda laka da ruwa ba sa rage masa ƙarfi sosai. Yana da giya masu sauƙi don hawan tudu, da wuraren ɗaura jaka. Da yawa daga cikin mahaya sun daina sa tiyub, sun koma zuba wani ruwa mai danƙo a cikin taya wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa. A sassan arewacin Hanyar Kongo-Nilu, inda duwatsu suka fito fili kuma ruwa ya yanka ƙasa, masu jagora kan fi ba da shawarar keken hawan dutse mai taya ta fi wannan kauri.

Daga Rubavu zuwa Karongi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, kuma shi ne aka fi zuwa dominsa. Rubavu, wanda dā ake kira Gisenyi, yana da nisan kimanin kilomita 150 daga Kigali ta hanyar Musanze. Daga cikin garin ana hango dutsen Nyiragongo mai aman wuta a tsallaken iyaka, wanda ya cinye wani yanki na Goma a 2002, ya sake fashewa a watan Mayun 2021, girgizar ƙasar da ta biyo baya ta tsattsage gidaje da tituna a Rubavu.

Da an bar garin ta wajen Nyamyumba, inda ake da maɓuɓɓugar ruwan zafi, kwalta ke ƙarewa a shiga jan burji. Hanyar na lanƙwasa da kowane lungu na tafkin, ta hau tudu ta cikin gonakin ayaba da rogo da wake, ta sake gangarowa bakin ruwa. Tana bi ta Cyimbili, da kasuwar Nkora inda kwalekwale ke sauke kaya, sannan Kinunu, inda matafiya da yawa kan kwana. A Kinunu akwai masana'antar wanke gahawa, kuma a watannin girbi, daga Maris zuwa Yuni, ana iya ganin mata a jere a gaban dogayen tebura suna tsince ƙwayar da ta lalace.

Da yamma masunta kan fita cikin tafkin a jirage uku-uku da aka ɗaure da dogayen itatuwa, suna waƙa don daidaita bugun filafili. Suna kwana a ruwa da fitilu, suna kamun wani ƙaramin kifi da ake kira sambaza. Ba ɗan asalin tafkin ba ne, daga Tanganyika aka kawo shi a ƙarshen shekarun 1950, amma yanzu shi ne abincin da kowane ɗakin cin abinci na bakin ruwa ke soyawa.

Daga Kinunu hanyar na hawa zuwa Musasa da Bumba, ta faɗa Rubengera, sannan ta shiga Karongi, wato tsohon Kibuye. A can cikin tafkin, daga gaɓar Karongi, ana hango wani dandamali na ƙarfe. Tashar KivuWatt ce, wadda aka ƙaddamar a 2016, tana zuƙo iskar gas daga ƙarƙashin ruwa tana samar da megawat 26 na lantarki. Kivu na ɗaya daga cikin tafkuna uku a duniya da aka san suna tara gas mai yawa a ƙasansu. Sauran biyun, Nyos da Monoun, suna Kamaru, kuma a 1986 gas ɗin Nyos ya ɓalle cikin dare ya kashe mutum fiye da 1,700. Kivu ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, kuma miliyoyin mutane ke zaune a gaɓarsa.

Daga Karongi zuwa Rusizi

Kudancin hanyar ya canza sosai tun bayan ƙaddamar da ita. Gwamnati ta shimfiɗa kwalta a babban titin da ya haɗa garuruwan gaɓar tafkin, kuma wani dogon yanki na tsohuwar hanyar ya shige cikin sabon titin. Mai son burji sai ya riƙa ratsewa zuwa ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyuka. Ana bi ta Mugonero da Kibogora da Shangi, ana ratsa kwaruruka masu shinkafa, kuma idan aka yi sama sai a shiga gonakin ganyen shayi na Gisovu da Gisakura, waɗanda ke gefen dajin Nyungwe. Hukumar UNESCO ta sanya wannan daji cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. A cikinsa akwai birai iri goma sha uku, da dutsen Bigugu mai tsayin kusan mita 2,950.

Kwaltar ta bayyana wani saɓani da ke tattare da irin wannan yawon buɗe ido a ko'ina. Baƙon da ya biya kuɗin jirgi daga Turai ya zo ne don ƙura da duwatsu, kuma duk kilomitar da aka zuba wa kwalta ragi ce a wurinsa. Mace mai naƙuda da za a kai asibitin Kibogora, ko manomin da ayabarsa ke ruɓewa kafin mota ta iso, ba sa kallon burji da wannan idon. A Italiya, inda aka fara tseren L'Eroica a 1997 don kare fararen hanyoyin tsakuwa na Tuscany daga kwalta, mazauna ƙauyukan suna da wasu titunan masu kyau da za su bi. A Rutsiro sau da yawa burjin nan shi kaɗai ne hanya.

Masu hanyar na asali

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce, faɗinta murabba'in kilomita 26,338, amma ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 13.2. Wato kusan mutum 500 a kowace murabba'in kilomita, abin da ya sa take cikin ƙasashen da suka fi cunkoso a Afirka. Mai keke a wannan hanya ba ya taɓa zama shi kaɗai. Kowane tudu an nome shi har ƙoli, an yanka shi hawa-hawa don kada ruwa ya wanke ƙasa, kuma a kowace kwana akwai yara, ko masu ɗauke da jarka, ko mai tura keke.

Keke a nan abin sana'a ne. Ana kiran masu haya da shi abanyonzi, kuma suna amfani da baƙin keke mai giya ɗaya, an ƙara masa ƙarfe a baya an ɗora katifa. Suna ɗaukar fasinja, da buhunan dankali, da gawayi, da madara, da dami-damin ayaba. A hawa sai su sauka su tura, a gangara kuwa su saki, wani lokaci da tsohuwar taya a ƙarƙashin takalmi a matsayin ƙarin birki. Kafin su akwai keken katako, wanda ba shi da feda ko sarƙa, ana tura shi sama a hau shi ƙasa, irin wanda har yanzu ake gani a Goma.

Gahawa ce ta haɗa wannan duniya da ta masu tsere. Kimanin ƙananan manoma 400,000 ke noma ta a ƙasar, kuma ingancinta ya dogara ne da saurin kai 'ya'yan da aka tsinko zuwa wurin wanki, cikin 'yan sa'o'i, kafin su fara tsami. Wani Ba'amurke maƙerin keke, Tom Ritchey, ya ziyarci ƙasar a 2005, ya ga yadda ake fama, ya ƙera dogon keke mai giya da zai iya ɗaukar kaya mai nauyi a kan tudu, aka riƙa bai wa manoma bashi. A 2006 aka shirya tseren kekunan katako, kuma daga cikin matasan da suka yi fice a ranar aka kafa tawagar ƙasa. Wanda ya horar da ita shi ne Jock Boyer, Ba'amurke na farko da ya shiga gasar Tour de France, mutumin da wata kotu a ƙasarsa ta ɗaure a 2002 bisa laifin lalata da ƙaramar yarinya.

Daga wannan tawaga Adrien Niyonshuti ya fito. An kashe masa 'yan'uwa maza shida a 1994, kuma shi ya riƙe tutar Ruwanda a gasar Olympics ta Landan a 2012. Gasore Hategeka kuwa ɗan haya ne da keke kafin a ɗauke shi. Daga 2014 zuwa 2018 'yan ƙasar ne suka lashe gasar Tour du Rwanda sau biyar a jere. Da aka ɗaga matsayin gasar a 2019 manyan ƙungiyoyin waje suka fara zuwa, kuma daga wannan shekara har 2025 babu ɗan Ruwanda da ya sake lashe ta. A ƙarshen 2019 shugabannin hukumar tseren keke ta ƙasar suka yi murabus bayan zarge-zargen almundahana da cin zarafin 'yan wasa mata.

Tuddan Bisesero

A kudu da garin Karongi, sama da hanyar, akwai tuddan Bisesero. A watan Afrilun 1994, da aka fara kisan ƙare dangi a kan 'yan Tutsi, dubban mutane suka gudu can suka taru. Ƙarƙashin jagorancin wani dattijo, Aminadabu Birara, suka yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu. A ranar 13 ga Mayu aka kawo sojoji da mayaƙan Interahamwe cikin motocin safa daga sassa daban-daban, aka yi musu kisan kiyashi. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 50,000 suka mutu a wurin.

A ranar 27 ga Yuni wasu sojojin Faransa suka iske waɗanda suka rage, suka ce musu za su dawo. Ba su dawo ba sai 30 ga wata, kuma a cikin waɗannan kwanaki uku an kashe ƙarin ɗaruruwa. Wani kwamitin masana tarihi da Shugaba Emmanuel Macron ya kafa ya bayyana a 2021 cewa Faransa na da babban alhaki a abin da ya faru a Ruwanda, ko da yake bai same ta da haɗin baki a kisan ba. Wurin tunawa na Bisesero na cikin huɗu da UNESCO ta amince da su a 2023. A cikin garin Karongi ma, majami'ar Katolika da ke kan tudu da filin wasa na Gatwaro duk wurare ne da aka kashe dubban mutane a tsakiyar Afrilu. Waɗanda suka tsira da waɗanda suka yi zaman kurkuku suka fito suna zaune a ƙauyuka ɗaya a kan wannan hanya. Tambayar mutum ƙabilarsa abin ƙi ne, kuma doka na hukunta abin da gwamnati ke kira rarraba kan jama'a.

Abin da takardun talla ba sa nunawa

Daga tuddan Rutsiro ana hango tsibirin Iwawa a tsakiyar tafkin. Tun 2010 gwamnati ke kai samari can, tana cewa cibiya ce ta gyaran hali da koyar da sana'a ga masu shaye-shaye da marasa aikin yi. Ƙungiyar Human Rights Watch ta daɗe tana ba da rahoton cewa ana kwashe masu talla, mabarata da yaran titi daga birane a tsare su ba tare da shari'a ba, musamman gab da manyan taruka. Gwamnati na musanta haka.

A saman Karongi kuma akwai sansanin Kiziba, wanda aka kafa a 1996 don 'yan gudun hijirar Kongo. A watan Fabrairun 2018 mazaunansa suka yi tattaki zuwa cikin gari don nuna rashin amincewa da rage musu abinci. 'Yan sanda suka buɗe wuta, kuma Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 12 suka mutu.

Ƙasar kanta ba ta da tabbas. A daren 2 zuwa 3 ga Mayun 2023 ruwan sama ya sa Kogin Sebeya ya yi ambaliya, tuddai suka zaftare, fiye da mutum 130 suka mutu, mafi yawansu a Rubavu, Rutsiro, Karongi, Nyabihu da Ngororero. Tudun da ke ba baƙo sha'awar ɗaukar hoto shi ne wanda talaka ya gina gida a gefensa saboda babu wani wuri.

Ina kuɗin ke zuwa

Alƙaluman Hukumar Raya Ƙasa sun nuna cewa yawon buɗe ido ya kawo wa Ruwanda dala miliyan 620 a 2023, da miliyan 647 a 2024. Kaso mai tsoka na fitowa ne daga ganin goggon biri a arewa, inda takardar izinin mutum ɗaya take dala 1,500, da kuma manyan taruka a Kigali. Tun 2005 gwamnati ke ware wani ɓangare na kuɗin gandun daji ga al'ummomin da ke maƙwabtaka da su, kashi 5 cikin ɗari da farko, aka ƙara zuwa kashi 10 a 2017. Da kuɗin ake gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa.

Wannan tsari ya shafi gandun daji ne, irin su Nyungwe da Gishwati-Mukura. Hanyar Kongo-Nilu hanyar jama'a ce, ba ta da ƙofa. Abin da ƙauye ke samu shi ne abin da baƙo ya kashe a cikinsa: kuɗin kwana a masaukin majami'a ko na ƙungiyar manoma, ladan ɗan jagora da mai dako, kuɗin kwalekwale, farashin abarba da tsiren akuya. Baƙon da ya biya wani kamfani a waje, wanda mota ke bin sa da ruwa da abinci, ya kuma kwana a otal a Karongi, yana iya ratsa gundumomi biyar bai bar abin kirki a ƙauyukan ba. Rutsiro da Nyamasheke kuwa suna cikin gundumomin da binciken gwamnatin kanta ya sha nunawa da yawan talauci da tsumburewar yara.

Keke da yaƙi

A 2018 sunan Ruwanda ya hau hannun rigar ƙungiyar Arsenal, bisa yarjejeniyar da aka ruwaito ta kai fam miliyan 10 a shekara. PSG ta biyo baya a 2019, Bayern Munich a 2023. A 2021 aka bai wa Kigali damar karɓar gasar tseren keke ta duniya ta 2025, karo na farko a Afirka.

Kafin lokacin ya zo yaƙi ya ƙazanta. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoto a 2024 cewa sojojin Ruwanda 3,000 zuwa 4,000 na cikin Kongo suna yaƙi tare da M23. Kigali na musanta goyon bayan 'yan tawayen, tana cewa matakan kariya take ɗauka daga ƙungiyar FDLR, wadda wasu masu hannu a kisan 1994 suka kafa. A ƙarshen Janairun 2025 Goma ta faɗi, harsasai suka faɗo cikin Rubavu suka kashe fararen hula. A tsakiyar Fabrairu Bukavu ta bi sahu. A wannan wata ministar harkokin wajen Kongo, Thérèse Kayikwamba Wagner, ta rubuta wa ƙungiyoyin ƙwallon uku tana neman su janye, Amurka ta ƙaƙaba wa Janar James Kabarebe takunkumi, Majalisar Tarayyar Turai kuma ta nemi a soke gasar Kigali idan Ruwanda ba ta canza hanya ba.

Shugaban UCI, David Lappartient, ya ce babu wani shiri na sauya wuri. An yi gasar daga 21 zuwa 28 ga Satumba, dubban 'yan kallo suka cika tituna. Tadej Pogačar na Sloveniya ya lashe tseren maza mai kilomita 267.5, inda mutum 30 kawai suka kai ƙarshe. Ga masu goyon baya, Afirka ta nuna za ta iya shirya abin da aka daɗe ana hana ta, kuma ƙasashen da ke sukar Ruwanda sun halarci gasanni a Qatar da Hadaddiyar Daular Larabawa ba su ce uffan ba. Ga masu suka, gwamnatin da shugabanta ya samu kashi 99 cikin ɗari a zaɓen 2024, bayan an hana Victoire Ingabire da Diane Rwigara tsayawa, ta sayi mako guda na kyakkyawan hoto. Ministocin ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Washington a ranar 27 ga Yunin 2025, amma M23 ba ta cikin masu sa hannun, kuma a lokacin gasar Goma da Bukavu suna hannunta.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani mai tsawo, daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ko gajeren rani daga Disamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu burjin kan koma laka mai santsi, gadojin katako kuma ruwa na iya tafiya da su. Daga 7 ga Afrilu ake makon makoki na ƙasa, inda harkoki ke tsayawa. A Asabar ɗin ƙarshen kowane wata akwai aikin gayya na tilas da ake kira umuganda, kuma ba a zirga-zirga sai wajen tsakar rana. A irin wannan rana ne mazauna ƙauyuka ke cike ramuka da share magudanan hanyar.

'Yan ƙasashen Tarayyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar, suna samun izinin shiga na kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma jirgin RwandAir na tashi daga Legas. Ana buƙatar katin rigakafin shawara. An haramta leda tun 2008, ana kuma iya ƙwace ta a wurin bincike. Ana samun hayar keke da ɗan jagora a Rubavu da Musanze, amma kayan gyaran keken zamani babu su a ƙauyuka, don haka sai mutum ya tafi da famfo, da kayan faci, da takalman birki, domin doguwar gangara na cinye su. A ƙauye Kinyarwanda ake ji, Swahili na aiki kusa da iyaka. Musulmi tsiraru ne a ƙasar, ana samun masallatai da naman yanka a Rubavu da Rusizi, amma a tsakanin garuruwan kifi da wake da ayaba sun fi sauƙin samu.

Masu jagora kan roƙi baƙi kada su raba wa yara kuɗi ko alewa a hanya, saboda hakan na janye su daga makaranta, kuma kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Kafin a tashi, wajibi ne a duba halin da iyakar Rubavu da ta Rusizi ke ciki, domin abin da ke faruwa a Goma da Bukavu yana iya canzawa cikin kwana ɗaya.